Fitowar haƙoran yara: Lokaci, jeri, da cututtukan da ake ɗora wa haƙori ba da laifinsa ba

Ɗan Adam yana yin haƙora sau biyu a rayuwarsa. Na farko su ne haƙoran madara guda 20, waɗanda ke fara ɓullowa wajen wata na shida da haihuwa, su cika baki kafin yaro ya kai shekara uku. Na biyu su ne haƙoran dindindin guda 32, da ke fara fitowa wajen shekara shida, ba sa kammala sai mutum ya haura shekara 17, wani ma har ya wuce 21. Kowane rukuni yana da jerin da yake bi, kuma likitocin haƙori sun fi ba wannan jeri muhimmanci a kan takamaiman watan da haƙorin ya fito, domin ratar lokaci tsakanin yaro da yaro tana da faɗi ƙwarai.

A birnin Gombe, daga gidajen ma'aikata na unguwar GRA har zuwa tsofaffin unguwanni irin su Jekadafari, Bolari da Herwagana, akwai jumlar da kusan kowace uwa ta taɓa ji daga bakin kaka ko maƙwabciya: "Haƙori yake yi." Ana faɗinta idan jariri ya yi zazzaɓi, ana faɗinta idan ya yi zawo, ana faɗinta idan ya ƙi nono. Ilimin boko ko wadatar gida ba su cika raba mutane da wannan fahimta ba, sai dai su sauya irin maganin da ake saye. Sanin jadawalin fitowar haƙori shi ne ke bambance abin da za a yi haƙuri da shi a gida da abin da ke buƙatar asibiti a ranar.

Tun daga cikin mahaifa

Haƙori ba ya farawa ranar da aka gan shi. Tushensa yana kafuwa tun cikin yana da mako shida, kuma wajen wata na huɗu na ciki sinadarin kalsiyam ke fara taruwa a kansa yana ƙara masa tauri. Saboda haka jariri yana zuwa duniya da kawunan haƙoran madara 20 a ɓoye cikin muƙamuƙi, wasu sun kusa kammala, wasu da saura. Turmin dindindin na farko, wanda ba za a gani ba sai bayan shekara shida, shi ma a daidai lokacin haihuwa yake fara tauri. Wannan ne ya sa abincin mai ciki, da rashin lafiya mai tsanani a watannin farko na jariri, kan bar tabo a jikin haƙorin da zai fito bayan shekaru.

Jadawalin da likitoci ke amfani da shi yau ya samo asali ne daga aikin wasu masana biyu na Amurka, Logan da Kronfeld, a 1933, sai kuma taswirar da Schour da Massler suka fitar a 1941. An yi ta gyara alƙaluman tun daga lokacin, amma jerin bai sauya sosai ba.

Haƙoran madara

Haƙoran gaba biyu na ƙasa ne ke fara fitowa, yawanci tsakanin wata 6 zuwa 10. Biyun gaba na sama suna biyo baya tsakanin wata 8 zuwa 12. Daga nan sai na gefensu: na sama tsakanin wata 9 zuwa 13, na ƙasa tsakanin wata 10 zuwa 16. Yaron da ya cika shekara ɗaya yakan kasance da haƙora shida zuwa takwas, ko da yake akwai wanda zai kai ranar da biyu kacal, kuma lafiyarsa ƙalau.

A nan jerin yake yin tsallake da ke ba iyaye mamaki. Maimakon fiƙa ta biyo bayan haƙoran gaba kamar yadda suke jere a baki, turamen farko ne ke rigan ta, tsakanin wata 13 zuwa 19, su bar giɓi a tsakani. Fiƙoƙin suna zuwa su cike giɓin tsakanin wata 16 zuwa 23. Na ƙarshe su ne turame na biyu da ke can ƙurya: na ƙasa tsakanin wata 23 zuwa 31, na sama tsakanin wata 25 zuwa 33. Galibi haƙoran suna fitowa ne bibbiyu, dama da hagu kusan lokaci guda.

Saurin fitowa ko jinkirinsa yawanci gado ne. Idan uwa ko uba ya makara wajen yin haƙori, ba abin mamaki ba ne ɗansu ya bi sahu. Bakwaini da jaririn da aka haifa da ƙarancin nauyi sukan makara, kuma ga bakwaini ana yin lissafi ne daga ranar da ya kamata a haife shi. Tamowa, ƙarancin bitamin D da kalsiyam da ke lanƙwasa ƙashi, ƙarancin sinadarin da ƙullin maƙogwaro ke samarwa, da lalurar Down, duk suna iya jinkirta haƙori. Idan yaro ya kai wata 18 babu ko haƙori ɗaya, ko kuma haƙori ya fito a gefe guda takwaransa ya shafe watanni da yawa bai leƙo ba, ya kamata likita ya duba shi.

Akwai kuma akasin haka. Kimanin jariri ɗaya cikin 2,000 zuwa 3,000 ana haifarsa da haƙori a baki, ko ya fito masa a cikin watan farko, kuma kusan kullum a gaban muƙamuƙin ƙasa ne. Mafi yawan irin waɗannan haƙora na madara ne na ainihi da suka yi gaggawa. Ba a cire su sai idan suna girgiza har ana tsoron jaririn ya haɗiye, ko suna yanka masa harshe, ko suna hana shayarwa. A wasu al'ummomin Najeriya ana camfa jaririn da aka haifa da haƙori, ko wanda haƙoran sama suka riga na ƙasa fitowa. A ilimin likita babu abin da hakan ke nunawa game da halin yaro ko makomarsa.

Abin da haƙori ke jawowa, da abin da ba ya jawowa

Wani bincike da aka yi a birnin Cleveland na Amurka, aka wallafa a shekarar 2000, ya bi yara 125 kullum tsawon watanni, aka rubuta fitowar haƙora 475. An gano cewa alamomin da ke da alaƙa da haƙori suna bayyana ne a cikin kwana takwas: kwana huɗu kafin ya huda dasashi, ranar da ya huda, da kwana uku bayan nan. Alamomin su ne dalalar miyau, cizon duk abin da hannu ya kai, goga dasashi, rigima, ƙarancin barci, jan kunne, rage cin abinci, da ɗan ɗumin jiki. Zazzaɓi mai zafi, zawo, amai da tari ba sa cikin abubuwan da binciken ya danganta da haƙori, kuma yara da yawa sun fitar da haƙoransu ba tare da wata alama ba.

To me ya sa iyaye ke ganin zawo da zazzaɓi a daidai wannan lokaci? Amsar tana cikin haɗuwar abubuwa uku a wata na shida. A lokacin ne garkuwar jikin da jariri ya samu daga uwarsa tun yana ciki ke raguwa. A lokacin ne ake fara ba shi kunu da ruwa bayan wata shida na nono zalla, da kofi da cokali da ba kullum suke da tsabta ba. A lokacin ne kuma yake koyon zama da rarrafe, yana kai duk abin da ya tsinta baki saboda ƙaiƙayin dasashi. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo zawon, sauro ne ke kawo zazzaɓin cizon sauro, haƙori kuwa ya zo ne a kan gaɓa. Tun daga wata shida har zuwa shekara biyu da rabi kusan babu watan da wani haƙori ba ya kan hanya, don haka duk cutar da ta zo za ta tarar da wanda za a ɗora wa laifi. An bar jaki ana dukan taiki.

Haɗarin wannan fahimta shi ne jinkiri. Uwar da ta yarda cewa zawon haƙori ne, za ta jira ya wuce da kansa, alhali jariri yana iya bushewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ƙa'idar da likitocin yara ke bi ita ce, zafin jikin da ya kai digiri 38 a ma'aunin Selshiyos zazzaɓi ne da ke buƙatar a nemi dalilinsa, kuma a yankin da cizon sauro ya yi katutu kamar Gombe, musamman da damina, gwajin jini ne matakin farko. Ga zawo kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ruwan gishiri da sukari tare da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14, a kuma ci gaba da shayarwa. Tun daga watan Agustan 2022 Najeriya ta shigar da rigakafin ƙwayar rota, wadda ke kan gaba wajen haddasa zawo mai tsanani ga jarirai, cikin alluran da ake yi wa yara kyauta. Faɗawar maɗiga, zurmawar ido, ƙarancin fitsari, jini a kashi, suma ko farfaɗiya, babu ɗaya daga cikinsu da ke jiran gari ya waye.

Ba Hausawa kaɗai suka zargi haƙori ba. A Ingila ta ƙarni na 19 ana rubuta fitar haƙori a rajistar gwamnati a matsayin sanadin mutuwar jarirai, likitocin Turai kuma sun shafe ƙarnuka suna tsaga dasashi da aska wai don su buɗe wa haƙori hanya. Garin maganin haƙori da ake sayarwa a can yana ɗauke da zaiba, wadda ta riƙa jawo wa yara wata cuta mai sa tafin hannu da na ƙafa su yi ja suna saɓa. Cutar ta kusa ɓacewa bayan an cire zaiba daga maganin a shekarun 1950. A wasu sassan Yuganda, Tanzaniya, Habasha da Sudan har yanzu ana haƙo tushen fiƙar jariri daga dasashi da sunan tsutsa ce ke sa shi zawo, aikin da ke jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, ya kuma lalata haƙorin dindindin da ke ƙarƙashi.

Najeriya ma ta ɗanɗana nata. A watan Nuwamban 2008 asibitoci a Legas, Ibadan da Zariya, ciki har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, suka fara karɓar ƙananan yara da ƙodarsu ta daina aiki. Bincike ya kai ga wani maganin haƙori na ruwa mai suna My Pikin, wanda ya gurɓata da dayetilin gilaikol, sinadarin da masana'antu ke amfani da shi. Hukumar NAFDAC ta rufe kamfanin da ke haɗa shi a Legas, kuma a farkon 2009 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ce yara 84 ne suka rasu. A 2013 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta yanke wa ma'aikatan kamfanin biyu hukuncin ɗaurin shekara bakwai-bakwai. Abin takaici a lamarin shi ne fitar haƙori ba ta buƙatar irin wannan magani tun farko.

Abin da ke sauƙaƙa wa yaro ba shi da tsada: a shafa masa dasashi da yatsa mai tsabta, a ba shi tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi ko robar cizo da aka sanyaya ba tare da ta daskare ba, a riƙa share masa miyau don kada haɓarsa ta yi ƙuraje. Idan rigimar ta yi yawa, farasitamol daidai da nauyinsa bisa umarnin ma'aikacin lafiya ya wadatar. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2018 a kan man shafa dasashi mai ɗauke da benzoken ga yara 'yan ƙasa da shekara biyu, domin yana iya rage iskar da jini ke ɗauka, ta kuma yi gargaɗi a kan sarƙar wuya da ake rataya wa jarirai don haƙori saboda haɗarin shaƙewa. Wannan haɗari ya shafi duk wani zare da aka ɗaura a wuyan jariri. Zuma ma, duk da darajarta, ba a ba wa yaron da bai cika shekara ɗaya ba.

Famfara

Daga shekara uku zuwa shida baki yana hutawa a zahiri, amma aiki na gudana a ƙarƙashi. Haƙorin dindindin yana tasowa yana narkar da saiwar na madara a hankali, shi ya sa haƙorin da ya fita lokacin famfara yake zama kamar ba shi da saiwa. Yara a wurare da dama sukan jefa shi kan rufin ɗaki, ana kuma tsokanarsu cewa idan ƙadangare ya ga giɓin ba zai cike ba.

Haƙorin dindindin na farko da ke fitowa shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Tsakanin shekara 6 zuwa 7 wasu manyan turame huɗu suna ɓullowa a bayan turamen madara na ƙarshe, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Da yake babu famfara a wurin, iyaye da yawa suna ɗaukarsu na madara ne, idan suka yi kogo sai a ce ai za su fita wasu su maye gurbinsu. Babu abin da zai maye gurbinsu. Su ne ginshiƙin da sauran haƙora ke daidaita a kansa, su ne kuma suka fi kamuwa da ruɓewa, saboda ramukan da ke samansu da kuma zuwansu a shekarun da yaro ya fara riƙe kuɗin tara yana sayen alewa, biskit da lemon kwalba a bakin makaranta.

A daidai wannan lokaci ne haƙoran gaba biyu na ƙasa ke sauyawa. Na gaba na sama da na gefen ƙasa suna fitowa tsakanin shekara 7 zuwa 8, na gefen sama tsakanin 8 zuwa 9. Fiƙar ƙasa tana zuwa tsakanin 9 zuwa 10. Ƙananan turame takwas, waɗanda ke maye gurbin turamen madara, suna fitowa tsakanin 10 zuwa 12, fiƙar sama tsakanin 11 zuwa 12, manyan turame na biyu kuma tsakanin 11 zuwa 13. A wannan zango 'yan mata sukan riga maza da 'yan watanni, kuma bincike a ƙasashen Afirka da dama ya nuna cewa yaran nahiyar sukan ɗan riga na Turai fitar da haƙoran dindindin. Don haka yaron da ya fara famfara yana shekara biyar bai saɓa wa komai ba.

Wasu abubuwan da ke tayar wa iyaye hankali a wannan lokaci ba matsala ba ne. Sabon haƙori yakan fi na madara girma da ɗan rawaya, bakinsa kuma da tsaga-tsaga kamar zarto, wanda ke gogewa da kansa. Haƙorin gaba na ƙasa yakan fito a bayan na madara kafin wancan ya faɗi, a ga layi biyu, kuma yawanci harshe ne ke tura shi gaba bayan na madaran ya fita. Wushiryar da ke bayyana tsakanin haƙoran sama a shekara bakwai ko takwas sau da yawa takan rufe idan fiƙoƙin sama suka sauko suka matse jerin. Wadda ta rage bayan shekara 12 ita ce wushiryar gaske, wadda Bahaushe ke ƙirgawa cikin ado.

Haƙorin madara yana riƙe wa na dindindin gurbi. Idan aka cire shi da wuri saboda ruɓewa, maƙwabtansa suna karkatowa su cinye wurin, sabon ya fito a karkace ko ya maƙale. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa yara miliyan 514 a duniya suna fama da ruɓewar haƙoran madara. Cikin manyan dalilan akwai barin jariri ya yi barci da bulumboti mai madara ko shayi mai sukari a baki, ɗabi'ar da ta fi yawa a gidajen masu hali. Ana fara goge baki ne daga fitowar haƙori na farko, sau biyu a rana, da man goge baki mai fuloraid gwargwadon ƙwayar shinkafa, a ƙara zuwa gwargwadon ƙwayar wake idan yaro ya kai shekara uku. Babba ne zai riƙa goge masa ko ya tsaya a kansa har ya kai shekara bakwai ko takwas, ko da buroshi ake yi ko da asuwaki.

Ruwan sha da launin haƙori

Batun fuloraid yana da wata fuska ta musamman a Jihar Gombe. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa ɓawon haƙori, amma idan ya yi yawa a ruwan sha a shekarun da haƙoran dindindin ke ginuwa a cikin muƙamuƙi, wato daga haihuwa zuwa kimanin shekara takwas, sai su fito da fararen tabo ko launin ƙasa-ƙasa da ba ya fita da gogewa. Masana ƙasa da ruwa sun daɗe da sanin yankin Kaltungo da yawan fuloraid a ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda ke fitowa daga duwatsun wurin. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 1.5 a kowace lita. Babban da ya koma irin wannan yanki bayan haƙoransa sun kammala ba zai yi tabon ba, yaron da ya tashi a can ya dawo Gombe yana shekara tara kuwa ya riga ya taho da shi. Gidan da ya dogara da rijiyar burtsatse, a GRA ko a wani wuri, gwajin ruwa ne kaɗai zai nuna masa adadin da ke ciki, domin fuloraid ba shi da launi ko ɗanɗano, tafasawa kuma ba ta cire shi. Saboda wannan dalili na lokacin ginuwar haƙori ne likitoci ke kauce wa ba mai ciki da yaron da bai kai shekara takwas ba maganin tetirasaikilin, wanda ke rina haƙori daga ciki.

Ƙungiyoyin likitocin haƙorin yara suna ba da shawarar a kai yaro duba na farko kafin ya cika shekara ɗaya. A Gombe akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke kan hanyar Ashaka, wanda aka kafa a 1996 a matsayin cibiyar lafiya ta tarayya, da kuma Asibitin Ƙwararru na jihar. Idan yaro ya faɗi haƙorin dindindin ya fita ɗungurungum, a riƙe shi ta kai ba ta saiwa ba, a mayar da shi gurbinsa idan zai yiwu ko a sa shi cikin madara, a isa asibiti cikin awa ɗaya. Haƙorin madara da ya fita ba a mayar da shi, don kada a raunata wanda ke ƙarƙashi.

Daidaiton wannan jeri ya sa ake amfani da shi wajen ƙiyasta shekaru, kamar yadda dillalin dabbobi ke buɗe bakin rago a kara kafin ya yi ciniki. A 1837 wani likitan haƙori a Landan, Edwin Saunders, ya ba da shawarar a riƙa duba haƙoran yaran da ake ɗauka aiki a masaƙu don a gane ko sun kai shekarun da doka ta yarda. Har yau likitoci suna yin haka da hoton ƙashi ga yaron da ba shi da takardar haihuwa. Ƙiyasin ya fi inganci kafin shekara 14, domin bayan nan turame huɗu na ƙurya kaɗai suka rage. Su suna fitowa ne tsakanin shekara 17 zuwa 21, wasu a karkace, wasu su maƙale a cikin ƙashi har sai an yi aiki an cire, wasu mutanen kuma ba a halicce su da su ba sam, su rayu da haƙora 28.